Ƙwayar da Ba a Niƙawa

Shekara talatin da huɗu Mai Inji ya yi yana niƙa wa mutane hatsi a wani ɗan shago da ke bayan kasuwa, tsakanin mai facin taya da mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Sunansa na gaskiya ya ɓace a hanya, ba mai kiransa da shi. Injin ya cinye masa kunnen hagu gaba ɗaya, ya ci rabin na dama, ya bar masa tarin safe. Girarsa fara ce tun yana saurayi, ba ta tsufa ba, ta gari. In ya yi wanka ta yi baƙi, kafin hantsi ta koma yadda take.

Ba mai magana ba ne, aikin ma ba ya son magana. Mace ta dire bokitinta ta murza yatsu, laushi take so ke nan. Ta karkaɗa tafi, ɓarza take so. Gari na fara zubowa sai ya tara hannu, ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni. In ya ji tsaki-tsaki ya ƙara ɗaure dutse, ya sake juyewa. In ya gama ya bubbugi bakin injin, ya hure abin da ya maƙale ya faɗa kwanon mai shi. Bai yarda ko cokali ɗaya na wani ya kwana a shagonsa ba. Abin da mutane suka sani game da shi ke nan, kuma ya ishe su.

Surutun gidan yana wurin matarsa. Tela ce, kekenta na gindin taga a ɗakin gaba, tana ɗinki tana ba duk wanda ya gifta amsa ko bai tambaya ba. Kurma take ce masa in su kaɗai ne, in da baƙi ta ce Mai Inji. Shi kuwa Tsohuwa yake kiranta tun tana da cikin fari, tana hararsa yana ƙarawa, har sunan ya zo ya same ta. 'Ya'ya huɗu suka haifa. Uku aiki da aure sun yi nisa da su, sai Auta da ke auren direban babbar mota a can ƙarshen gari.

Keken ne ya fara gaya masa akwai matsala. Ba ya jin ƙararsa, amma in ya dawo da yamma ya zauna, yakan ji rawar feda a tafin ƙafarsa ta cikin daɓe. Wata rana ya ji shiru. Washegari ma shiru. Tsohuwa na kwance, ta ce gajiya ce. Sai shati baƙi-baƙi ya fara fito mata a cinya da damtse ba tare da ta bugu ba, dasashinta na jini in ta wanke baki. Ya sa wa shago kwado, ya samo mota.

Kansar jini ce. Wata biyu ta yi a gadon asibiti ana sa mata magani ta jijiya, ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ranar sallama likita ya zaunar da su ya yi dogon bayani, a hankali, da irin muryar nan ta lallashi da ba ta kai wa kunnen kurma. Duk zamansu Tsohuwa ce kunnensa, ita ke saurare ta maimaita masa a gida. Ranar nan kuwa jiri ke ɗibarta, idonta a rufe. Mai Inji na kallon bakin likita yana gyaɗa kai. Abu uku ya kama: ƙwaya biyu kullum, a lokaci ɗaya, kada a tsallake, a dawo bayan mako biyu a ɗebi jini, in zazzaɓi ya zo a taho nan take. Sauran ya wuce ta kunnen da ya mutu. Kunya ta hana shi cewa a maimaita. Takardar da aka haɗo da kwalbar kuma rubutunta ƙanana kamar kiyashi, ya ninke ta ya cusa a aljihu.

Auta ta taho da jakarta ta tare a gidan don jinya, tunda mijinta kullum yana hanya. Cikinta wata biyar.

Ƙwayoyin ba manya ba ne, amma bakin Tsohuwa duk miki ne har maƙogwaro. Ranar farko ta haɗiye da hawaye. Rana ta biyu ɗaya ta maƙale, ta yi ta kakari. Rana ta uku ta kalli kwalbar ta juya wa bango fuska.

"Ku bar ni. Duwatsun nan ba sa wucewa."

Mai Inji ya zuba ƙwaya biyu a tafinsa yana jujjuya su. Abu mai tauri da aka kasa ci, shekara talatin da huɗu ba abin da ake kawo masa sai shi. Ya shiga kicin ya ɗauko ƙaramin turmin ƙarfe da take daka kayan ƙamshi, ya wanke, ya goge, ya shanya. Ya murƙushe ƙwayoyin. Ya murza a yatsu, ya ji tsaki, ya ƙara. Da ya yi lukui ya juye a kofi, ya bubbugi turmin, ya hure ragowar ta faɗa ciki, ya dama da ruwa da ɗan zuma.

Ta shanye, ta yamutsa fuska, ta dube shi.

"Kurma, ashe kana da amfani."

Ranar har mai faci ya tambaye shi ko kyauta aka yi masa, ya ga yana tafe yana murmushi shi kaɗai. Haka aka ci gaba, ƙarfe takwas na kowace safiya. Ranakun da kasuwa ke cika, dole ya fita da wuri, sai ya koya wa Auta. Bai rage mata komai ba, har murzawa a yatsu, har hurewa. Sau huɗu ta yi.

Mako biyu suka cika, suka koma asibiti su biyu. Bayan an ɗebi jini suka bi layin tagar magani. Mai ba da maganin wata mata ce mai tabarau, ba ta miƙa wa mutum kwalba sai ta tambaye shi yadda yake sha.

"Mama, yaya ake fama da haɗiya?"

"Ni ba haɗiya nake ba, 'yar nan, sha nake," in ji Tsohuwa. "Ga injiniyana nan, shi ke haɗa min."

Mai Inji ya gyara tsayuwa. Ya yi bayanin turmi, da laushi, da zuma, maganar da rabon ya yi mai tsawonta tun bara. Mai tabarau ta ajiye biro. Ta kira wata ta tsaya mata a taga, ta zagayo ta shigar da su wani ɗan ɗaki a gefe. Ta lura da yadda yake karkata kai, sai ta jawo kujera ta zauna ta damansa, dab da kunne.

"Baba, wa ya ce ka niƙa?"

"Ba wanda ya ce. Ba ya wucewa ne."

"Da hannu kake taɓa garin?"

"To da me? Ai sai an murza ake sanin laushi."

"Ka kuma hure?"

"Kada a bar mata ragowa a turmi."

Ta cire tabarau ta murtsuke ido. Ba ta ɗaga murya don faɗa ba, ta ɗaga ne don ya ji. Ta ce maganin nan an yi shi ne ya kashe ɓatattun ƙwayoyin jini, kuma ba ya tambayar jikin wa ya shiga. A jikin Mama aiki yake yi. A jikin mai lafiya, in ya bi ta fata ko ta hanci, ɓarna yake yi. Shi ya sa ba a niƙa shi, ba a tauna shi, ba a raba shi, ba a ɗaukarsa da hannu tsirara. Ta ce wani ma yana maƙalewa a turmi, Mama ba ta samun cikakken abin da likita ya rubuta.

"Wa kuma ke taɓawa a gidan?"

Tsohuwa ce ta amsa, muryarta ta yi ƙasa har sai da ya karanta a leɓenta.

"Autarmu. Tana da ciki."

Mai Inji ya kalli yatsunsa biyu da ya yarda da su fiye da kowa, ya ɗora su a gwiwa.

"Baba, ba kai kaɗai ke da laifi ba," in ji mai tabarau. "Mu ma ba mu tabbatar ka ji ba. Yau kuwa ba za ka fita ba sai ka maimaita min."

Haka aka yi. Ta faɗa, ya maimaita, kamar ɗan aji ɗaya. Safar hannu kafin a buɗe kwalba. A karkato ƙwaya cikin murfi, daga murfi zuwa ɗan kofi. A wanke hannu da sabulu kafin da bayan. Kwalbar ta zauna a rufe, nesa da zafi da danshi da hannun yara. In an manta, ba a ninkawa. In ta yi amai bayan sha, ba a sake ba ta, a kira tukuna. Maganin yana fita ta fitsari da amai da gumi, saboda haka a rufe murfin bayi a kora ruwa sau biyu, kayan da suka ɓaci a wanke su daban da safa a hannu. Mai ciki kada ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Turmin kuma ya gama aiki a kicin, a ƙulle shi a leda biyu a kawo mata. Ta mayar da su wurin likita ya duba mikin bakin ya rubuta abin kurkura, ta nuna wa Tsohuwa yadda za ta jiƙa maƙogwaro tukuna, ta sa ƙwaya ɗaya, ta cika baki da ruwa, ta ɗan sunkuya ta haɗiye.

Washegari aka kai Auta wurin masu awon ciki. Aka yi hoto, aka ji bugun zuciya. Likitar ta ce ba ta ga komai ba, abin da ya shiga ba zai yi yawa ba, amma za ta riƙa dubawa. Ba ta ce ta rantse ba. Mai Inji na tsaye a bakin ƙofa aka maimaita masa sau biyu.

Bai ba kowa haƙuri da baki ba, bai iya ba. Ya sayo akwatin ƙarfe da kwado, ya ɗora a kan kabad inda rana ba ta kaiwa, makullin a wuyansa. Ya wanke kicin tun daga kanta har ƙasa. Ya gaya wa masu niƙa shago ba zai ƙara buɗewa kafin tara ba, mai gaggawa ta nemi wani wuri. Ya karɓe wanki, ya karɓe wanke bayi. Ya rataye kalanda a bayan ƙofa, kullum in ta sha sai ya ja layi da fensir. Takwas daidai zai shigo, safa a hannu, ɗan kofi a gaba, ya miƙa, ya koma da baya ya je ya wanke hannu.

Amma Tsohuwa ta canja. Ta daina tsokanarsa. Ta ware kwanonta da kofinta da cokalinta, ta ɗaura wa kowanne jan zare. In Auta ta shigo ɗaki sai ta ja mayafi ta rufe har ka. Kwana na uku ta yi abin da ba ta taɓa yi ba.

"Tattara ki koma ɗakinki."

"Inna, me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Ba na son ganinki a nan, shi ke nan."

"Wa zai dafa miki abinci? Baba? Ruwan zafi ma ƙonawa yake."

"In ci ƙonanne. Fita."

Auta ta fita tana kuka, jaka a hannu. Shi ma aka ce ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin gaba. Bai yi musu ba. A ganinsa fushi take da shi, kuma ya ci a yi fushi da shi. Ya ɗauka in ya yi ta yin aikin daidai, ba kuskure, wata rana za ta huce. Abin da ya sani ke nan game da gyara.

Can sai haɗiya ta yi sauƙi. Ba kakari, ba hawaye. Ya miƙa, ta watsa a baki, ta kurɓi ruwa, ta miƙo kofi. Ya ji daɗi, ya ce abin kurkurar nan ya yi aiki, ya ci gaba da jan layinsa a kalanda.

Ran wata Laraba ya tashi wanki tun kafin bakwai a bayan gida, wurin igiyar shanya. Ya jawo zanenta zai tsoma a baho sai ya ji ƙulli a bakinsa. Halinta ne, nan take ɗaure allura da maɓalli, shi ya sa yake kwancewa kafin ya jiƙa. Ya kwance. Wani ɗan ƙyalle ne a dunƙule. A ciki ƙwayoyi ne, sun ɗan narke sun manne da juna, irin waɗanda suka zauna a kunci aka tofo su. Ya rarraba su da yatsan safa. Goma. Kwana biyar ke nan.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya zuba su a leda, ya ƙulle, ya ƙara wata, ya cire safa ya wanke hannu, ya shiga ɗakin ya ajiye ledar a kan kujerar gefen gado.

"Mene ne wannan?"

"Kai da ka yi wanki ai ka fi ni sani."

"Kwana biyar, Tsohuwa."

"Ashe ka iya ƙirga."

"In don niƙan ne, ni na yi. Ni za ki hukunta, ba kanki ba."

Ta dube shi kamar ta ga sabon wawa. Ta yafito shi, ya sunkuyo da kunnen dama, amma ta ɗaga hannu ta tsayar da shi kafin ya matso sosai.

"Wa ke ta taka? Ba ka ji abin da 'yar nan ta ce ba? Yana fita ta fitsari, ta amai, ta gumi. Jikina gaba ɗaya shi ne, Kurma. Kai kanka sai da roba kake zuwa kusa da ni. Wata uku ya rage Auta ta sauka. So nake ya fita daga jikina kafin nan. In ɗauki jikana da hannu mai tsabta ko sau ɗaya ne, in ya so abin da zai zo ya zo."

"Ciwon zai dawo."

"Na sani."

Ita ce mai magana a gidan, shi bai taɓa cin ta a gardama ba ko da yana da gaskiya. Ya ɗauki ledar ya fita. Waya ba ta yi masa amfani, saboda haka ya tafi asibitin da ƙafarsa.

Mai tabarau ta karɓi ledar, ta saurare shi har ƙarshe, ta kira likita a waya. Ta dawo ta zauna ta damansa.

"Kada ka rama mata na kwana biyar, kada ka ninka. Na yau kawai, da zarar ka koma. Gobe ƙarfe bakwai ku zo a ɗebi jini, likita zai gan ta. Ka ji?"

"Na yau kawai. Gobe bakwai."

"Yauwa. Baba, in tambaye ka. Tun ranar da na ba ka safar nan, ka taɓa Mama da hannunka kuwa?"

Ya shiga lissafi. Ya ba ta magani, ya wanke mata kaya, ya share mata ɗaki, ya kai mata ruwa. Kwana ashirin. Ko yatsanta bai riƙe ba.

"Safar ta ƙwaya ce da wanki da bayi," in ji ta. "Ba ta Mama ba ce. Zama da ita, riƙe ta, cin abinci tare, duk ba komai. Da na gaya muku abin tsoro, ya kamata in gaya muku abin da ba na tsoro ba." Ta rubuta lamba a takarda. "Ku kira ni in ka isa. In ba ta yarda da bakinka ba, ta ji daga nawa."

Ya biya ta ƙarshen gari ya ɗauko Auta. A hanya ya gaya mata abin da ya faru cikin magana uku, ta yi ta sharar ido da bakin mayafi.

Tsohuwa na ganin ta a ƙofar ɗaki ta yunƙura.

"Wa ya ce ka kawo ta? Kurma, ka haukace ne? Ke, koma!"

Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba, ba ta koma ba. Mai Inji ya wuce kai tsaye wurin kujerar gefen gado. Akwai ragowar burodi a kwano mai jan zare, da rabin shayi da ya huce a kofi mai jan zare. Ya ɗauki burodin ya tsoma ya cinye. Ya ɗaga kofin ya shanye tas.

"Kai! Ajiye! Nawa ne!"

"Ba sukari," ya ce.

Ya zauna a bakin gadon, katifa ta lotsa. Ya yaye mayafin daga ƙafafunta, ya ɗora su a cinyarsa. Sun yi sanyi, sun zama ƙashi da fata. Ya kama su da hannayensa tsirara ya shiga matsawa, daga dunduniya zuwa yatsu. Ta ja, ya riƙe. Ta sake ja, ba ƙarfi. Can ta bari.

"Hannu kamar bayan itace," ta ce. "Fatar ma za ka saɓule min."

Bai daina ba. Ya yi wa Auta nuni da haɓa, ta buga lambar ta buɗe murya ta miƙo wayar daga inda take.

"Mama, ni ce ta wurin magani. An ce kina da tambaya."

"Ba ni da tambaya, 'yar nan. Ke kika ce yana fita ta gumi."

"Na faɗa, kuma gaskiya ne. Shi ya sa ake wanke kayan da suka ɓaci daban. Amma hannunki hannu ne, Mama."

"Jariri fa? Ɗanyen jariri?"

"Ki ɗauke shi, ki rungume shi, ki yi masa wanka in kina da ƙarfi. Ki wanke hannu kamar kowa. In kin yi amai ko kin jiƙe da gumi, ki canja kaya tukuna. Shi ke nan."

"Ita mai cikin fa?"

"Abu uku aka hana ta: ƙwayar, da wankinki, da wanke bayi. Ba a hana ta uwarta ba."

Sai Tsohuwa ta yi tambayar da ke cin ta tun ranar farko.

"Wanda ya riga ya shiga jikinta fa? Saboda ni?"

"Ba zan ce miki na san gaibu ba. An duba, lafiya aka gani, za a ci gaba da dubawa. Daina shan naki ba zai cire mata komai ba. Abin da na sani shi ne, in kin daina, ciwon ba zai jira wata uku don ki ga jika ba."

"Ke dai ba ki iya lallashi ba."

"Baba ne ya koya min," in ji mai tabarau.

Auta ta yi dariya cikin kuka. Mai Inji bai ji abin da aka ce ba, ya dai ga ana dariya, ya ci gaba da matsa ƙafa. Aka kashe waya. Tsohuwa ta daɗe tana kallon silin, hawaye na gangara mata cikin kunne.

"Auta, tsaya nan inda kike tukuna," ta ce a ƙarshe. Ta zunguri cinyarsa da dunduniya. "Kai kuma sauke min akwatin naka."

Ya wanke hannu, ya sa safa, ya sauke akwatin, ya buɗe kwado. Ya karkato ƙwaya biyu a murfi, ya juye a ɗan kofi. Wannan karon bai koma da baya ba, ya zauna a gefenta. Ta jiƙa maƙogwaro, ta sa ɗaya, ta cika baki da ruwa, ta sunkuya. Ta wuce. Ta biyu ta tsaya mata, ta yi kakari, idonta ya yi ja, ya riƙe mata kofin ruwa har ta tura ta. Ta yi ajiyar zuciya. Ba tare da kowa ya ce ba ta wangale baki, ta ɗaga harshe, ta ja kunci hagu da dama da yatsa.

"Duba da kyau, sufeto. Ko in kawo maka tocila?"

Ya duba da kyau ɗin. Babu komai. Ya rufe kwalba, ya kulle akwati, ya mayar kan kabad. Ya cire safa ya ƙulle a leda, ya je ya wanke hannu, ya kawo mata ruwa da sabulu ita ma ta wanke nata.

Ta goge hannun a mayafi, ta jujjuya su tana kallo. Sannan ta matsa can jikin bango, ta daki katifa.

"To zo mana, kin tsaya kamar baƙuwa. Dubi ƙafafunki yadda suka kumbura, ba na ce ki riƙa ɗora su a kan filo ba? Miƙo su nan."

Auta ta hau gadon a hankali, ta miƙe ƙafa a kan cinyar uwarta, ta kwantar da kai a kafaɗarta. Tsohuwa ta fara faɗa, kan gishiri, kan tsayuwa, kan mijin da ba ya zama. Mai Inji ya ɗan tsaya yana kallon su. Sai ya tuna wanki na jiƙe a baho tun safe, ga kayan da Tsohuwa za ta sa gobe zuwa asibiti ba a shanya ba. Ya zari sabuwar safa ya zagaya baya.